Kwandalar zinare mai hoton Ahidjo, a kashe ko a ajiye?

Tambaya: Malam barka da aiki. Daga Garwa nake, cikin kayan gadon babanmu mun samu wata 'yar kwandala launin zinare da hoton Ahmadou Ahidjo, shugaban Kamaru na farko, an rubuta 1000 francs da 1970. Yayana yace kuɗin da ne kawai sefa dubu, ni kuma ina ganin tafi haka, dan Allah ya abin yake?

Amsa: Allah ya jiƙan baba. In dai ta gaske ce to yayanka bai canka ba. A 1970 Kamaru ta cika shekara 10 da samun 'yanci (1 ga Janairu 1960 ta samu), shine aka buga kwandalolin zinare na tunawa kala biyar, na 1000, 3000, 5000, 10000 da 20000, duk da kan Ahidjo, lokacin ma ƙasar tana tarayya ne kafin a rushe tsarin a 1972. Ba don cefane aka yi su ba, masu tara tsofaffin kuɗi ake sayar wa, Chadi ma tayi irinsu a wannan shekarar.

Lambar dake jiki ka manta da ita, nauyi shine magana. Ta 1000 giram 3.5 ce, ta 20000 kuwa giram 70, kuma zinaren kashi 90 cikin ɗari ne, ƙasa kaɗan da karat 22 da mata suka sani, kenan taku akwai wajen giram 3.15 na tsantsar zinare a ciki, sai ka tambayi kuɗin giram a kasuwa yau ka lissafa da kanka.

Ka kaita wajen mai zinare ya ɗora a sikeli kana tsaye, in ta gaza 3.5 sosai ko maganaɗisu ya ja ta to jabu ce. Amma fa kar ka yarda a goga ta a dutse ko a ɗiga mata ruwan gwaji a fuska, kar kuma a wanke ta da toka ko omo wai tayi ƙyalli, masu tarawa sun fi son ta yadda take, ƙarzuwa ɗaya tana rage mata kuɗi. Mafi muni a huda ta a yi sarƙa, daga nan ta koma zinaren narkarwa kawai.

Ni dai da tawa ce bazan bawa maƙeri ya narka ba, shi kuɗin nauyi kaɗai zai biya. Tunda kuma gado ce, a yi mata kuɗi gaban duk magada kafin wani ya saka a aljihu.