Kai iyali Royal National Park a Disamba: wane ɓangare, kuma me za a kiyaye

Wa alaikumus salam Malam, barka da zuwa Sidni, Allah ya sa an zo a sa'a, ya ba da nasarar karatu. Na ga tambayarka a zauren nan namu na tattaunawa tun jiya: kana son kai uwargida da yara biyu Royal National Park, gandun dajin da ke kudu da Sidni, a hutun Disamba, ba ka da mota tukuna, ka ga hotunan Figure Eight Pools a Instagram sun burge ka, kana tambaya ko yini ɗaya zai isa, ko yara za su ga kangaru, sannan uwargida tana fargabar macizai. Na daɗe ina zirga-zirga a dajin nan, ni kaɗai da kuma tare da iyali, don haka bari in faɗi abin da na sani.

Da farko ka cire Yankari daga ranka. Mu da muka taso da labarin giwaye da gwaggon biri da ruwan Wikki, in aka ce gandun daji sai mu ɗauka za a sa mu a mota a zagaya da mu kallon namun dawa. Nan ba haka ba ne. Daji ne na gajerun itatuwa da ƙaya a kan tudun dutse, ya miƙe har bakin teku, inda ƙasa take yankewa tsaye ta faɗa ruwa. Abin da ake zuwa yi shi ne tafiyar ƙafa, kallon teku, wanka da cin abinci a inuwa. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 150, an keɓe shi tun 1879, shi ya sa ake lissafa shi na biyu a duniya wajen daɗewa bayan Yellowstone ta Amurka. Hanyar bakin tekun kaɗai, daga Bundeena zuwa Otford, kilomita 26 ce, kuma yawancin mutane kwana biyu suke yi a kanta. To ka ga yini ɗaya zai isa ne kawai in ka zaɓi wuri ɗaya ka tsaya a kai. Taura biyu ba ta taunuwa, balle da yara a hannu cikin zafin Disamba.

Maganar Figure Eight, shawarata ita ce ka ajiye ta gefe. Hoton da ka gani gaskiya ne, wasu ramuka biyu ne a kan falalen dutse da suka haɗe kamar lamba 8, ruwansu garau. Abin da hoton bai nuna maka ba shi ne falalen nan yana cikin teku ne. In ruwa ya ciko, gaba ɗaya yake shanye shi. Ko lokacin da ruwan ya janye, in teku na da ƙarfi a ranar, igiya ɗaya takan taso ba sallama ta share duk wanda ke tsaye, ta ja shi a kan dutse mai kaifi. A Janairun 2016 haka ta faru, mutane da yawa suka ji ciwo a lokaci guda, wasu sai da jirgi mai saukar ungulu ya kwashe su. Daga baya hukumar gandun dajin jihar New South Wales ta fara sa hasashen haɗarin igiya na wurin a shafinta, kuma wanda ya san kan abin ba ya fita gida sai ya duba. Ga kuma hanyar: daga inda ake ajiye mota a Garrawarra Farm kusan kilomita 6 ce zuwa da dawowa, gangara mai tsayi zuwa rairayin Burning Palms, sannan a bi kan duwatsu masu santsi. Saukar ba ta da wuya. Hawan dawowa da rana tsaka, da yaro a kafaɗa, shi ne aikin. Babu banɗaki a can ƙasa, babu ruwan sha, waya ma ba kullum take kamawa ba. In har ranka ya biya, ka bari sai wata rana ku tafi da abokai maza, da takalmi mai kama ƙasa, a ranar da hasashen ya nuna haɗari kaɗan ne kuma ruwa ya janye.

Tunda ba mota, ga abin da zan yi in ni ne kai. Ku hau jirgin ƙasa na layin T4 zuwa Cronulla, daga tashar Central kusan awa ɗaya ne. Kuna fitowa tasha, ku gangara ta baya zuwa mashigar jiragen ruwa, tafiyar 'yan mintuna. Akwai ƙaramin jirgin ruwa na katako mai ƙetarawa Bundeena, kusan duk awa yake tashi, ƙetarawar wajen rabin awa. Na kamfani mai zaman kansa ne, kuɗinsa daban da na jirgin ƙasa. Wannan ƙetarawar kaɗai takan ishi yara labari na mako guda. Da ka sauka ka duba allon lokaci ka riƙe lokacin jirgin ƙarshe, don in ya wuce ku, zagayowa ta hanyar mota doguwa ce kuma tasi a can ba arha.

Bundeena ƙaramin gari ne da dajin ya kewaye. Daga mashigar ku nufi Jibbon Beach, rairayi ne mai tsawo da ke fuskantar cikin mashigin Port Hacking, saboda haka ruwansa ya fi na buɗaɗɗen teku kwanciya. A ƙarshen rairayin akwai 'yar hanya da ke shiga daji zuwa Jibbon Head, inda mutanen Dharawal, 'yan asalin wannan ƙasa, suka sassaƙa siffofi a kan falalen dutse: manyan kifayen nan whale, kangaru, da wasu halittun ruwa. An yi dandamali na tsayawa a kalla daga sama don kada a taka. Da hantsi ko da la'asar, lokacin da rana ta karkata, layukan sun fi fitowa. Da tsakar rana sai ka zura ido kafin ka gane kan kifi da wutsiyarsa. Zagayen gaba ɗaya wajen kilomita 5 ne, babu hawa mai wahala, yaron da ya kai shekara shida zai iya in ana hutawa.

In yaran sun ɗan tasa kuma an yi sammako, ana iya kama farkon babbar hanyar bakin teku zuwa Wedding Cake Rock, wajen awa ɗaya daga ƙarshen gari. Farin dutse ne fat, a yanke kamar da wuƙa, a bakin gaɓa mai tsayi. Farinsa ya samo asali ne daga ruwa da ya wanke sinadarin ƙarfen da ke cikinsa, abin da kuma ya sa ya yi rauni ke nan. A 2015 masana suka auna suka ce yana iya ruftawa, aka kewaye shi da shinge, kuma akwai tara ga wanda ya haura. Za ka ga masu haurawa don hoto, kada su ja ka. Sannan hanyar nan babu inuwa ko ta sisin kwabo, kuma a wurare da yawa babu komai tsakaninka da gaɓar, don haka hannun ƙaramin ya zauna cikin naka.

Yanzu maganar uwargida. Macizai akwai su, ba zan ɓoye ba, har da baƙi mai jan ciki da mai ruwan ƙasa, kuma lokacin zafi ne suke fitowa shan rana. Amma a hanyoyin da jama'a ke bi da wuya ka gan su, in ma ka gani yawanci wutsiya ce tana shigewa ciyawa. A sa takalmi rufaffe, a bar silifa a jaka sai an kai rairayi, kada yara su riƙa cusa hannu ƙarƙashin dutse. In tsautsayi ya faɗa, abin da muka saba gani a gida na tsagawa da tsotsewa da ɗaure wuri ɗaya tamau duk ba a yin su a nan. Ana naɗe gaɓar duka da bandeji mai ɗan matsewa, a hana mutum motsi, kada a wanke wurin, a kira lambar gaggawa 000. Bandejin ana samunsa a kowane kemis, ka jefa biyu a jaka. Bayan ruwan sama, a wurare masu damshi, matsattsaku da kaska sun fi maciji damun mutane.

Abin da ya fi cancanta ta ji tsoro shi ne ruwa. Yawancinmu ba mu iya iyo ba, wanda ya iya ma a kogi ko kududdufi ya koya, kuma teku wani abu ne daban. Akwai wata igiyar ruwa mai fizgar mutum da ke komawa cikin teku da ƙarfi, kuma abin mamaki inda take nan ne ruwan ya fi kama da kwantacce, babu kumfa, sai baƙo ya ce ga wuri mai lafiya. Ƙa'idar ƙasar nan ita ce a yi wanka tsakanin tutoci masu launin ja da rawaya, inda masu ceto suke tsaro. Yawancin rairayin cikin dajin babu tuta babu mai ceto, rairayin Marley ma da za ka gani daga nesa yana kiran mutum an san shi da haɗari. Inda babu tuta, iyakarku gwiwa, kuma babba ɗaya ya tsaya idonsa a kan yara, ba a kan waya ba. Uwargida kuma kada ta shiga da doguwar abaya ko zani, in sun jiƙe nauyi suke yi su naɗe ƙafa. Kayan wanka masu rufe jiki na mata Musulmi a garin nan aka fara ɗinka su, ana samu a shagunan wajen Bankstown da Lakemba.

Ita ma rana mai zafi ta Ostireliya ba a raina ta. Kada ka ce ai mu 'yan rana ne. Zafin bai kai na Sakkwato ba, amma tana ƙona fata ko da hadari a sama, baƙar fata ma tana saɓulewa, na gani a wuyan yarana. Hula mai faɗi, man kariya daga rana, da ruwa aƙalla lita biyu ga kowane babba. Ruwan rafukan dajin ba a shan sa haka nan.

Da daddare kafin tafiya, ka buɗe shafin hukumar gandun dajin ka duba sanarwar rufe hanyoyi. Disamba da Janairu lokacin gobarar daji ne. A Janairun 1994 wuta ta cinye sama da kashi 90 cikin ɗari na dajin nan, kuma har yau in zafi da iska suka haɗu ana rufe hanyoyin ƙafa, a hana kunna kowace irin wuta a fili. Kada ka ɗauko gawayi da niyyar gashi ba ka duba ba. Ka kuma guji 26 ga Disamba, ranar sabuwar shekara da 26 ga Janairu, cunkoson ba a magana. Tsakiyar mako ya fi.

In Allah ya hore mota nan gaba, ko wani a zauren nan ya ɗauke ku, wurare biyu ne na iyali. Audley, inda ofishin baƙi yake, akwai ciyawa da inuwa a bakin kogi da hayar kwalekwale, sai dai in an yi ruwa mai yawa kogin kan haura madatsar a rufe hanya. Sai Wattamolla, tafki mai kwanciya a bayan rairayi, da ruwa mai zubowa daga kan dutse. Za ka ga samari suna tsalle daga saman, an hana, kuma an rasa rayuka a wurin. Wurin ajiye motocinsa kan cika tun da hantsi a ƙarshen mako, a mai da mutane baya. Kuɗin shiga da mota dala 12 ne a yini a zuwana na baya-bayan nan, mai shiga da ƙafa ko jirgin ruwa ba ya biyan komai.

Kangaru kuwa, kada ka yi wa yara alkawari. Wanda ake gani a nan ɗan'uwansa ne ƙarami, walabi, shi ma sai da sassafe ko dab da magariba. Tsuntsaye dai za su ƙoshi da su: fararen aku masu rawayan tukku da ƙarar tsiya, da kukabura mai dariya, wanda zai iya fizge nama daga hannun yaro kafin ya kai baki. Ba a ba su abinci. In kangaru da kowala ake so ido da ido, akwai gidan namun daji na Symbio a Helensburgh, kudu da dajin. Manyan kifayen whale kuma ba lokacinsu ba ne, daga Mayu zuwa Nuwamba suke wucewa, furannin daji kuma Agusta zuwa Oktoba. Ni a ganina lokacin nan ya fi Disamba daɗin tafiya nesa ba kusa ba, sai dai kai yanzu ne kake da hutu.

Abinci ku dafa daga gida, ko ku saya a Lakemba ko Auburn tun ana gobe tafiya, don a Bundeena 'yan shaguna kaɗan ne kuma ba ka da tabbacin halal. Ku tafi da leda ta kwaso shara, a yawancin wuraren dajin babu kwandon zubarwa. Ku ɗauki darduma mara nauyi da gorar alwala daban da ta sha. A Disamba azahar tana shiga wajen ƙarfe ɗaya, rana ba ta faɗuwa sai wajen takwas, saboda haka akwai sarari. Alƙibla daga nan yamma take, da ɗan karkata arewa kaɗan. A Jibbon in ka juya wa buɗaɗɗen teku baya ka kusa daidai, sai ka gyara da manhajar waya. Ba wanda zai dame ku, iyaka wani ya wuce da murmushi.

In kun tsai da rana ka sanar a zauren nan da wuri, akwai iyalai biyu da na san suna son fita a hutun, kuma ɗaya yana da mota mai kujera bakwai. Ka kuma faɗa mana shekarun yaran, da shi za a san ko Jibbon kaɗai za a tsaya ko za a ƙarasa gaba. A gaida uwargida da yara.