Hukuncin 'ya mace ta karanta lissafi da kimiyya

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. 'Yata tana da ƙoƙari a lissafi, tana son karanta injiniya. Wasu sun ce mini in ba likitanci ko jinya ba, shari'a ba ta yarda mace ta shiga kimiyya ba. Mene ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ya halatta, ɗan'uwa, kuma wanda ya ce haramun ne shi ake nema ya kawo dalili, domin asalin al'amuran rayuwa halacci ne.

Hadisin Ibnu Majah cewa neman ilimi farilla ne a kan kowane Musulmi ya haɗa maza da mata. Imam Gazali kuwa ya ƙirga likitanci da lissafi cikin farillan kifaya, wato wajiban da in wasu sun yi sun ɗauke wa saura, shi lissafi saboda buƙatarsa a ciniki da wasiyya da rabon gado. Duba wannan: mace ta rasu ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai. Miji na da rabi, su kuma kashi biyu cikin uku. Asalin mas'alar, wato adadin kason da ake fara raba dukiyar, 6 ne. Miji 3, su 4, ya tashi 7, sai a yi awli, wato a ƙara adadin kason, a raba dukiyar kashi 7. Wanda bai iya lissafin kaso ba zai ci haƙƙin wani yana zaton ya yi adalci. Manyan sahabbai suna tambayar Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, irin waɗannan mas'aloli, kuma Sutaita al-Mahamiliyya da ta rasu a Bagadaza a 377 bayan hijira ta shahara da fara'id (ilimin rabon gado) da lissafi.

Masu taƙaita mace ga likitanci sun manta da wata ƙa'ida: abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zartar a Brunei a 1993 cewa likita mace ake fara nema wa mara lafiya mace. To wa zai koya wa likitar nan kimiyyar sinadarai tun tana yarinya? Wa zai haɗa magani, ya gwada jini, ya gyara na'urar ɗaukar hoton ciki?

Sharuɗɗan su ne na kowane karatu: suturta jiki, guje wa keɓancewa da namijin da ba muharrami ba, da kiyaye salla a kan lokaci. A ɗakin gwaji akwai ƙarin hattara da ake yawan sakaci da ita. Hijabi mai faɗi yana iya kama wuta, ko injin da ke juyawa ya ja shi. Ta sa na auduga, ta cusa gefensa cikin rigar aiki. Yadin roba narkewa yake ya manne a fata. Taɓa sinadarin alkohol don tsaftace kayan aiki ba laifi, shansa aka haramta.

Inda iyaye suka fi kuskure shi ne lokacin zaɓen darussa a sakandare. In ta ajiye lissafi ko fiziks a nan, ƙofar injiniya ta rufe tun kafin jami'a. Ka zauna da malamanta kafin zaɓen, kada kuma ka cire ta daga ajin kimiyya don kawai mata ba su da yawa a ciki.

Wallahu a'alam.