Dillali ya ce hannun jarina na nan, rajistara ya ce an sayar: ina zan dosa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ina sayar da shadda da atamfa. A 2007, lokacin da kowa ke rububin hannun jari, na sayi na bankuna biyu da na wani kamfanin sukari ta hannun wani kamfanin dillanci. Da farko riba tana zuwa, daga baya ta ɗauke, ni kuma hidimar shago ta sha kaina. Kwanan baya na je cike fom don a riƙa turo mini ribar ta banki, sai ofishin rajistara, masu riƙe da sunayen masu hannun jarin kamfani, suka ce na kamfanin sukarin an sayar da shi tuntuni, na bankunan kuma adadin ya ragu. Ban sa kowa ya sayar ba, ban ga ko kwabo ba. Dillalin ya ba ni takarda mai tambarinsu da ke nuna komai na nan, wakilinsu kuma, wanda muka daɗe muna mutunci, yana roƙona a sasanta a cikin gida. Yarana sun ce in tona musu asiri a Facebook. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya dawo maka da haƙƙinka.

Bari in fara da takardar nan mai tambari, domin ita ce ta sa kake kokwanto. Ba hujja ba ce. Wanda kake zargi shi ya buga ta a kwamfutarsa, shi ya sa mata hannu. Idan yaron shago ya kawo maka littafi ya ce dila hamsin na nan a sito, alhali an tsegunta maka an ga ana loda kaya da dare, ai ba littafin za ka sake dubawa ba, mukulli za ka ɗauka ka je ka ƙirga da idonka. Siton hannun jari a Najeriya shi ne CSCS, kamfanin da ya fara aiki a 1997. A can ake ajiye duk hannun jarin da ake ciniki a NGX, wato kasuwar hannun jari ta Najeriya, kuma kowane mai jari yana da lambarsa da ake kira CHN. Dillali ba ya riƙe da jarinka a akwatinsa, iko kawai yake da shi na saye da sayarwa a asusunka bisa umarninka.

Saboda haka aikinka na farko shi ne ka nemi bayanin asusunka daga CSCS kai tsaye, kada ya biyo ta hannun dillalin. Ka nemi abu biyu: abin da ke cikin asusun yau, da tarihin duk abin da ya shiga ko ya fita tun ranar da aka buɗe shi. Wannan na biyun shi ne zai nuna ranar da aka sayar, da adadin, da kamfanin dillancin da ya yi cinikin. Ka koma wurin rajistara kuma ka ce maganar da suka faɗa maka da baki su rubuta ta.

Ba ƙaramin mutum kaɗai takardar dillali ke ruɗa ba. A Amurka, Bernard Madoff ya shekara da shekaru yana aika wa abokan hulɗarsa takardun bayani masu kyau, har jimillar abin da suke nunawa ya kai wajen dala biliyan 65, alhali ba ya sayen hannun jarin da ya rubuta. Cikin waɗanda ya cinye har da bankuna da gidauniyoyin agaji. Wani masanin lissafin kuɗi, Harry Markopolos, ya fara kai wa hukuma ƙorafi a kansa tun 2000, ba a kama shi ba sai Disamban 2008, aka yanke masa shekara 150 a 2009. Abin da ya ba shi damar daɗewa shi ne mutane sun dogara da takardar da shi kansa ya buga, ba su nemi shaida daga wani wuri daban ba.

Sai dai kafin ka kira kowa ɓarawo, ka raba maganar bankunan da ta kamfanin sukarin. Raguwar adadi ba kullum take nufin sata ba. Bankuna da yawa da aka yi rububinsu a 2007 sun narke cikin wasu. Oceanic ya shige Ecobank, Intercontinental ya shige Access. Da Diamond ya haɗe da Access a 2019, duk mai hannun jari 7 na Diamond ya samu 2 na Access da naira ɗaya a kan kowane hannu, ka ga mai 70,000 ya wayi gari da 20,000 ba tare da an cuce shi ba. Masu Afribank da Bank PHB da Spring Bank kuwa, da aka soke lasisinsu a Agustan 2011, jarin ne ya tafi gaba ɗaya. Mai yiwuwa irin waccan haɗewar ce ta rage adadin na bankunanka. Amma kamfanin da ke nan da ransa, rajistara ya ce an sayar, kai kuma ba ka sa ba, wannan dole wani ya amsa tambaya.

Yadda ake irin wannan cin amana sananne ne. Ana neman asusun da ya daɗe ba a taɓa shi ba, na wanda ya manta, ko ya yi ƙaura, ko ya rasu. A ƙirƙiro takardar umarnin sayarwa da sa hannu na jabu, a canza lambar wayar da alat ke zuwa, a sayar, kuɗin ya faɗa asusun kamfanin dillancin, daga nan ya bi wata hanya. Wani lokaci ma'aikaci ɗaya ne, wani lokaci kamfanin ne da kansa yake toshe ramin bashinsa da jarin mutane. A nan ya kamata in ce wa duk wanda mahaifinsa ya rasu ya bar tsofaffin satifiket a cikin adaka: ku bincika, domin asusun mamaci shi ya fi kowane sauƙin ci.

Kuma kada kunya ta kama ka cewa ka yi sakaci. Arnold Ekpe, wanda ya taɓa shugabantar rukunin Ecobank gaba ɗaya, kamfanin Partnership Securities ya sayar masa da hannun jarinsa, kuɗi sama da naira biliyan ɗaya ba su iso gare shi ba. Bai yi shiru ba, ya kai ƙara, kuma a 2017 hukumar SEC, mai kula da kasuwar jari a Najeriya, ta haramta wa shugaban kamfanin harkar kasuwar jari har abada. Kafin nan, a 2015, hukumar ta dakatar da kamfanonin BGL masu harkar hannun jari bayan koke-koken masu zuba jari sun taru. A duka biyun, mutanen da suka rubuta ƙorafi ne suka sa hukuma ta motsa.

Yanzu maganar wakilin nan da kuke mutunci. Na san nauyinta, ana haɗuwa a masallaci da wurin ɗaurin aure, kuma za a turo maka dattawa. Amma ka lura da abu guda: mutumin da ya ba ka takarda cewa komai na nan, me zai sasanta? Roƙon sulhun kansa ya ƙaryata takardar. Ban hana ka sulhu ba, sau da yawa ya fi shari'a saurin dawo da kuɗi. Amma ya zama a rubuce, a kan takardar kamfanin, da sa hannun shugabansa, ba na wakili kaɗai ba, lauyanka yana wurin. Kuma abin da za a dawo maka da shi hannun jarin ne da adadinsa, tare da duk riba da ƙarin hannun jari na kyauta da aka raba a shekarun da suka shige. Idan ka yarda da kuɗin da aka sayar a wancan lokaci, an cuce ka sau biyu, domin nairar wancan zamani ba ta yau ba ce. Kada ka karɓi ɗan wani abu a hannu wai a fara da shi, kada ka sa hannu a farar takarda, kuma kada ka janye ƙorafi sai ka ga jarin ya dawo a bayanin CSCS.

Ko ana maganar sulhu ko ba a yi, ka rubuta wa kamfanin ƙorafi a wannan makon. Gajeriyar wasiƙa ta isa: sunanka, lambar CHN, abin da ka saya, abin da rajistara ya ce, da cewa ba ka ba da umarnin sayarwa ba. Sai ka nemi su kawo kwafin umarnin da suka dogara da shi, da takardar cinikin, da sunan banki da lambar asusun da aka zuba kuɗin. A buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Ƙa'idar da SEC ta fitar a 2015 ta ba kamfani kwana goma na aiki ya warware ƙorafi. In sun wuce ba amsa, ka miƙa wa NGX Regulation, reshen kasuwar da ke sa ido kan dillalai, ka kuma kai wa SEC, wadda ke da ofis a Kano. Idan hukuncinsu bai gamsar da kai ba, akwai kotu ta musamman ta harkar zuba jari, IST, wadda doka ta ɗora wa kammala shari'a cikin wata uku daga fara sauraro. Idan kuwa ta bayyana an kwaikwayi sa hannunka, wannan laifi ne, EFCC ke da shi, kuma ba ya hana ka ci gaba da neman dukiyarka.

Batun Facebook, ka ce wa yaran su dakata tukuna. Kiran kamfani ɓarawo ba takarda a hannu zai iya juyar da ƙarar ta koma kanka, a ce ka ɓata suna, kuma zai ba su lokaci su gyara fayil. Ranar da ka riƙe bayanin CSCS da kwafin ƙorafinka, kana iya kai wa ɗan jarida abin da ke rubuce, ba ƙari ba zagi. Abin da ya fi amfani yanzu shi ne ka tambayi abokan kasuwarka da suka saya ta hannun wannan wakili su ma su duba nasu. Da wuya a ce kai kaɗai aka taɓa, kuma ƙorafin mutum goma a kan kamfani ɗaya ba a iya ajiye shi a ƙasan fayil.

Ba dillalin kaɗai ke da tambayar amsawa ba, kuma wannan ne ke ci mini rai. A wasiƙarka ga hukuma ka tambaya ƙarara: wace lamba aka tura wa alat ranar da aka sayar, wa ya canza ta, da wace shaida? Wane banki ne ya karɓi kuɗin, da sunan wa? Yaushe aka yi wa wannan kamfani binciken ƙarshe? Hukumomin nan ana yanke musu kaso daga kowane ciniki da aka yi a kasuwa, har da wanda aka yi da jarinka ba da saninka ba. Akwai asusun biyan diyya ga wanda dillali ya cuta, amma lokacin da aka biya mutane a 2015 iyakar abin da mutum ɗaya zai samu naira 400,000 ne. Ga wanda ya zuba ribar shekaru, wannan bai kai ko'ina ba. Sannan dubban 'yan kasuwar Arewa an tallata musu hannun jari da Hausa a 2007, amma fom da alat da hanyar ƙorafi duk da Turanci suke. Ƙungiyoyin kasuwa irin na Kwari da Singa da Sabon Gari suna da bakin da za su nemi SEC ta zo cikin kasuwa ta zauna da mutane, a duba asusu ɗaya bayan ɗaya. A 2023 hukumar da kanta ta ce ribar da ba a karɓa ba ta kai wajen naira biliyan 190, kuma duk asusun da mai shi ya daina bibiya abin sha'awa ne ga maci amana.

Abin da ya rage maka kuma ka killace shi tun yau. Ka rubuta wa CSCS cewa akwai rikici a asusunka, kana neman a dakatar da duk wani ciniki a kansa. Bayan nan ka mayar da jarin hannun wani dillali, bayan ka tabbatar sunansa na cikin jerin masu rajista a shafin SEC. Ka sabunta lambar wayarka da BVN, ka kammala fom ɗin ribar nan da ka fara. Sannan ka cike fom na tsarin biya kai tsaye da aka fara a Janairun 2016, wanda ke sa kuɗin duk abin da aka sayar ya faɗo asusunka na banki ba tare da ya ratsa ta hannun dillali ba. Idan bayanin CSCS ya fito, ka kai shi tare da takardar dillalin wurin lauyan da ya san harkar kasuwar jari, ya jera su gefe da gefe kafin ka sake zama da wakilin.