Karon farko zan shiga filin tseren mota, me zan shirya?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗan kasuwa ne, a Ƙofar Ƙaura nake cikin Katsina. Wata mai zuwa zan je Dubai sari, kuma ɗan'uwana da ke zaune can ya biya mana kuɗin shiga Dubai Autodrome a ranar da ake buɗe wa jama'a kowa ya zo da motarsa. Da tasa za mu shiga. Shekarata 12 ina tuƙi, har na fara gwada hannuna da asuba a hanyar Daura. Me kuma ya rage mini?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Don Allah gwajin nan na hanyar Daura ka bar shi daga yau. Da asuba ne masu babur ke fitowa ba fitila, manoma na tsallaka titi, ga dabbobi. Sannan abin da kake koyo a can, wato taka totur a miƙaƙƙiyar hanya, shi ne mafi ƙarancin abin da za ka buƙata a filin. Ranar da za ku je ba ranar gasa ba ce, ba na ɗaya ba na biyu. Filin, wanda aka buɗe a 2004, tsawonsa gaba ɗaya kilomita 5.39 ne, kuma kwana ce ke bin kwana. Birki ne zai fi shan wahala.

Saboda haka ka ce wa ɗan'uwanka ya kai motar wurin bakanike kamar mako guda kafin ranar. A duba takalman birki, in sun ci fiye da rabi a sauya. Sai man birki, wanda mutanenmu ba sa waiwaya sai ya ƙare. Man nan yana shan danshin iska a hankali. Sabon man birki irin na DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 230 a ma'aunin Celsius, amma wanda ya sha danshi yana iya tafasa a wajen 155. In ya tafasa sai kumfa ya taru a cikin bututu, ka taka birki ka ji ƙafarka ta nutse har ƙasa kamar ka taka soso, mota kuwa tana tafiyarta. Ya taɓa samuna sau ɗaya a motar aro, a zagaye na biyar, Allah ya taimake ni akwai filin tsakuwa a gabana. Tun daga ranar ba na shiga da man da ya wuce shekara. In ka ji birki ya fara laushi, ka sassauta ka fito, kada ka ce bari in ƙara zagaye ɗaya.

Taya kuma ka duba gefenta, akwai lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT: 2322 na nufin mako na 23 a shekarar 2022. Wadda ta tsufa, ko ta tsattsage, ko aka yi mata faci a gefe, ba ta shiga. Ku tafi da ma'aunin iska, domin taya in ta ɗauki zafi iskarta na hawa, sai a auna da zarar an fito a rage. Baƙin mai da ruwan lagireto a cike su daidai alama. A kwashe komai na cikin mota da but, har tabarmar ƙafa, don gorar ruwa guda in ta gangara ƙarƙashin birki ta isa. Ɗan'uwanka kuma ya tambayi kamfanin inshorarsa, domin inshorar titi galibi ba ta biyan ɓarnar da aka yi a filin tsere. Ku yi wannan magana tsakaninku tun yanzu, zumunci ya fi mota.

Ka tafi da lasinka, da takalmi rufaffe mai siririn ƙasa, da riga da wando marasa yalwa. Hular kwano dole ce, ku tambaya ko suna bayar da haya.

Kafin a fara za a tara ku a yi bayani, ka kasa kunne sosai, musamman kan tutoci. Rawaya: akwai haɗari a gaba, rage gudu, ba a wuce kowa. Ja: an tsayar da zagayen, a koma a hankali. Shuɗiya: mai gudu na bayanka, ba shi hanya. Baƙa: kai ake kira, fito. In akwai mai koyarwa da zai zauna kusa da kai, ka biya kuɗinsa ko da za ka rage sari.

Zama ma gyara gare shi. Matso da kujera har wuyan hannunka ya hau saman sitiyari ba tare da kafaɗarka ta bar kujera ba, hannu biyu a riƙe, ɗaya dama ɗaya hagu. Ka gama taka birki tun mota na miƙe, sannan ka karya sitiyari a hankali, sai ka ga mafitar kwanar ka soma ba ta wuta. Ido kuma can nesa, inda kake son zuwa. Duk wanda ya taɓa sukuwa ya san mahayi ba ya kallon kunnen doki. In ka ƙura wa bango ido, hannunka can zai kai ka. Maɓallin ESC da ke hana mota zamewa ka bar shi a kunne, ko wa ya ce maka kashewa ta fi daɗi.

Minti 15 zuwa 20 sun ishe ka a kowane shiga, kuma ka riƙa shan ruwa, zafin cikin hular kwano ba wasa ba ne. Zagayen ƙarshe ka yi shi a hankali, birki ya sha iska. In ka faka kada ka ja birkin hannu, takalman suna iya mannewa da farantin da ya yi zafi. Ka bar ta a giya a wuri mai shimfiɗe, ka buɗe bonet ta huce kafin ɗan'uwanka ya karɓa.