Kan maganar fita da yara kallon taurari

'Yata, saƙonki ya iso. Da na karanta sai da na yi dariya, daga baya kuma na yi jugum. Kin ce wasu malaman kimiyya na kusa da ku za su kafa madubin hangen nesa a filin makaranta da dare, sun gayyaci kowa ya zo da iyalinsa a kalli wata da taurari. Yara sun matsa miki, ke ma ranki yana so, amma surukarki ta ce ita dai ba ta taɓa jin inda aka kwashi yara da dare aka tafi leƙen sama ba, har tana tambaya ko abin ba duba ba ne. Shi ne kike so kawunki ya gaya miki ko a da ana yin haka, kuma ko ya dace.

Dariyar ta me? Wai yau sai an buga takardar gayyata, an sa rana da lokaci, kafin yaro ya ɗaga kansa sama. Abin da ya dame ni kuwa shi ne ke da kanki ba ki san ko mun yi ba, ga ki uwa mai 'ya'ya. Wannan ya nuna mini wani abu ya tsinke a tsakaninmu da ku ba tare da kowa ya ji ƙararsa ba.

Mu ba mu fita neman sama ba, ita ce take samunmu a tsakar gida. Babu lantarki, da an kashe fitila shi ke nan, sai ki ga abin ya sauko kamar za a taɓa shi. Kakata, wato kakar mahaifiyarki, ita ce malamarmu ta farko. Tana kishingiɗe za ta miƙa hannu ta ce ga Kaza da 'ya'yanta can, kowa ya ƙirga. Mafi yawanmu shida muke samu. Mai kaifin ido ya ce bakwai, a yi ta gardama har barci ya raba. Sai da na girma na sa tabarau mai hangen nesa na ga ashe 'ya'yan kazar nan sun wuce ƙirgar yatsu, masana ma sun ce taurarin wannan gungu sun haura dubu, kuma hasken da ke shiga idonki daga gare su ya yi fiye da shekara 400 yana tafe. Tana nuna mana Zara matar wata da yamma, wanda ya tashi da asuba kuma ya ga Gamzaki. Abu ɗaya ne, duniya ce mai zagaya rana irin tamu, wadda Larabawa ke kira Zuhura: ta yi watanni tana fitowa bayan faɗuwar rana, ta ɓace, ta koma fitowa kafin alfijir. Tsohuwar takan ce farin wata sha kallo, wanda aka hana kallonsa sai makaho. Wannan ita ce fatawarta a kan tambayarki, tun ba a haifi uwarki ba.

Amma bari in ba ki labarin ranar da nake ganin ita ce ta fi kama da abin da aka gayyace ku.

Ranar Asabar ce, 30 ga Yunin 1973. Ina ɗan makaranta. Shekarar fari ce, hankalin manya a tashe yake, kowa idonsa na sama yana neman hadari. Muna da wani malamin lissafi, siriri, mai yawan tari, wanda tun ana saura kwanaki ya gaya mana cewa ranar Asabar da tsakar rana za a yi kusufin rana, kowa ya zo filin makaranta, ya kuma gaya wa iyayensa su zo. Ya kawo fitila da ƙwallo biyu, babba da ƙarama, ya rufe tagogin aji, ya nuna mana yadda ƙaramar ke shiga tsakani ta jefa inuwa a kan babbar. Ya rubuta a allo: wata yana nesa da mu kimanin kilomita 384,000, rana kuwa kilomita miliyan 150. Rana ta fi wata faɗi kusan sau 400, ta kuma fi shi nisa kusan sau 400, shi ya sa idan suka daidaita sai ƙaramin ya rufe babbar cif. Na je gida na faɗa. Mahaifina ya dube ni ya ce, shi malamin naku wa ya gaya masa? Ya ce kada in kuskura in je. Na je.

Da farko ba abin da ya faru. Muna tsaye a rana, ana ta zufa, wasu manyan yara sun fara yi wa malam dariya a ɓoye. Shi kuwa ya hana kowa ɗaga kai, ya ce wanda ya kalli rana da idonsa zai sha bulala kafin ya makance. Ya raba mana kwali, kowa ya huda nasa da allura, ya ce mu juya wa rana baya, mu bar haske ya bi ta hudar ya sauka a kan farar takarda. Ɗan da'ira ne fari, ba wani abin kallo. Can sai wata yarinya ta yi ƙara ta ce nata ya gutsure. Kowa ya duba nasa. Lallai an ci gefe.

Daga nan abin ya yi ta tafiya a hankali. Hasken gari ya canza, ba irin na yamma ba, wani fari-fari ne marar ƙarfi, kamar rana ta yi rashin lafiya. Zafi ya sauka, iska ta ɗan yi sanyi a fata. Inuwar mutum ta yi kaifi, har gashin kai ana gani a ƙasa. Tsuntsaye suka rikice suna komawa bishiya. Ina cikin wannan na hango mahaifina tafe da sauri, fuska a murtuke, ya zo kama ni. Hanyarsa ta bi ta ƙarƙashin wata babbar bishiya da ke bakin fili, sai na ga ya ja ya tsaya yana kallon ƙasa. Hasken da ke ratsowa ta tsakanin ganye, wanda kullum yake sauka da'ira-da'ira, duk ya koma siffar jinjirin wata, ɗaruruwa, a ƙasa, a jikin bango, a kan rigarsa, kamar an watsa yankan farce. Malam ya matso ya gaishe shi, ya roƙi aron malfarsa, ya ɗaga ta sama da takarda. Kowace 'yar kafa ta saƙar malfar ta fitar da nata jinjirin. Ya ce masa, Baba, kowace huda hoton rana take zanawa, kullum haka take yi, yau ne kawai ranar ta canza siffa muka lura. Mahaifina ya karɓi malfar ya yi ta juya ta da kansa, ya matsar, ya nisantar. Ya manta da ni sarai.

A wajenmu ba ta rufe duka ba, saura ɗan siririn baki. Inda ta rufe ruf shi ne ta Muritaniya da Mali da arewacin Nijar da Chadi har zuwa Kenya, a wani wurin duhun ya wuce minti 7, yana cikin mafi tsawo a ƙarnin da ya wuce. Daga baya muka ji cewa masana sun hau jirgin Concorde mai gudun da ya fi na sauti, suka bi inuwar watan a sama har tsawon minti 74, suka sauka a babban birnin Chadi. Su da jirgi, mu da kwali da allura, kuma abu ɗaya muka kalla.

Da aka yi kira, mahaifina ya ja ni muka tafi masallaci aka yi sallar kisfewa, aka idar muka dawo filin muka ga ƙarashen yadda rana ke komawa daidai. Bai ga wani karo tsakanin biyun ba. Liman ya tuna wa mutane cewa ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya rasu an yi kusufi, mutane suka ce don mutuwarsa ne, Manzo ya gyara musu ya ce rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa kisfewa don mutuwar wani ko rayuwarsa. A shekarar da kowa ke neman abin da zai ɗora wa laifin rashin ruwa, wannan magana ta kwantar da hankali ƙwarai.

Da dare mahaifina ya faɗi wata magana da nake so ki riƙe, don ita ce ta shafi zancen duba. Ya ce wanda ya gaya maka abin da zai faru a sama, ya faɗi rana da sa'a, ya buɗe maka lissafinsa ya ce kai ma gwada, wannan malami ne. Wanda ya gaya maka abin da zai faru da kai, ya ɓoye hanyar da ya bi, ya ce kawo abin hannunka, wannan shi ne ake gudu. Ki auna mutanen da suka gayyace ku da wannan ma'auni. In sun ce zo ki sa ido ki gani da kanki, ba su tambayi ranar haihuwarki ko sunan mahaifiyarki ba, to kin san ɓangaren da suke.

Yanzu bari in ɗan yi faɗa, tunda kin tsokano ni. Ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. To yau yaro ba ya ma hawa rimin, kansa a sunkuye yake a kan waya, babban ma haka. Kun cika gidaje da tituna da fitilu masu haska sama a banza, har wani bincike da aka fitar a 2016 ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa iya ganin farar hanyar nan ta taurari da ke ratsa sama daga inda suke zaune. Mu da muke kwana a ƙarƙashinta ba mu san gata muke ciki ba. Kuma abin da na fi tsoro game da irin wannan taro shi ne a mayar da shi wurin ajiye yara. Uwa ta kai su ta koma gefe tana hira a waya, ko kowa ya yi layi, ya leƙa daƙiƙa biyu, ya ɗauki hoto ya tura wa mutane, ya tafi. In haka za ki yi, gara ki zauna a gida. Abin da ya sa ranar nan ta 1973 ta zauna mini har yau, ganin mahaifina ne yana wasa da malfa kamar yaro. Ba bayanin malam ba.

In za ki je, ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 a cikin duhu kafin ya buɗe sosai, kuma haske ɗaya na waya ya isa ya mayar da ke farko, don haka ki jefa ta a jaka. Kada ki yi baƙin ciki in wata bai cika ba, masu abin sun fi son sa yana rabi, don a lokacin ne inuwa ke fito da ramuka da duwatsunsa, cikakken wata sai kashe ido. Ki roƙe su su juya madubin wajen Mushtari, mafi girma cikin duniyoyin da ke zagaya rana, in yana sama, za ki ga ɗige-ɗige har huɗu a jere kusa da shi, watanninsa ne, su ne Galileo ya gani a 1610 da madubin da bai kai nasu kyau ba. In an dace da Zuhal kuwa, wato duniyar da zobe ya kewaye, ki bar ƙaramin yaronki ya daɗe a kai, ko layi ya yi tsawo, don zoben nan ba a yarda da shi sai an gani. Ki bar yaran su yi tambaya ko da ta wauta ce. Matambayi ba ya ɓata, kuma irin waɗannan malamai tambayar suke jira. Sau da yawa irin wannan taro yakan faɗo a Makon Sararin Samaniya na Duniya, 4 zuwa 10 ga Oktoba, amma akwai na kyauta da ba ya buƙatar kowa: daren 13 zuwa 14 ga Disamba na kowace shekara taurari masu gudu suna yawaita, tabarma kawai za ku shimfiɗa ku kwanta rigingine. Ba taurari ba ne ma na gaske, ɓarɓashi ne, yawanci bai wuce ƙwayar yashi ko tsakuwa ba, yake ƙonewa in ya shigo iskar duniya.

Batun surukarki, ni ba zan shiga tsakaninku ba. Tana da gaskiyarta, don su ma na da sun ce dare rigar mugu, kuma ba ta san mutanen ba. Wannan maganar maigidanki ce, shi ya san yadda zai bi da mahaifiyarsa, kuma in da ni ne shi, da ni zan riƙe hannun yaran mu tafi tare mu dawo tare da wuri. Ko ta yarda ko ba ta yarda ba, kada ki ce mata kawu ya ce.

Abu ɗaya da ba na sassauci a kai shi ne rana. Ranar 2 ga Agustan 2027 akwai babban kusufi, zai rufe ruf ta Maroko da Libiya da Masar da Saudiyya, a wajen Luxor duhun zai wuce minti 6, ƙasashe da yawa kuma za su ga an ci wani ɓangare. Yaranki za su so ɗaga kai. Baƙin tabarau na kwalliya ba ya karewa, gilashin da aka shafa wa hayaƙi ma ba ya yi, kuma tantanin da ke can cikin ido ba ya jin zafi, yana ƙonewa mutum bai sani ba sai daga baya. Ki tambayi malaman nan tun yanzu ko suna da tabarau na musamman na kallon kusufi. In babu, kwali da allura sun isa, ki koya wa babban ya koya wa ƙannensa.

Ki gaida maigidan da yaran duka.