Amsa ga mai son raba murjaninsa biyu

Salamu alaikum jama'ar gida. Ƙanena, na ji muryarka. Ka ce an kawo maka murjani mai rai mai dutse na tankin ruwan gishiri, irin mai dogayen wuyoyin nan da ke rausaya cikin ruwa, wata guda ke nan, kana so ka raba shi biyu ka ba abokinka rabi, da mi ake yanka shi. To ni abin da na ji a ƙarƙashin maganar shi ne kana ganin ya riga ya zauna. Bai zauna ba wallahi. Aje wuƙa tukuna.

Da farko je ka duba kan kowane wuya ka ƙidaya ƴan yatsun. In 24 ne Goniopora gare ka, in 12 ne Alveopora. Hoton da ka turo ya yi duhu, amma na fi zaton Goniopora ne, kuma kore. Koren nan shi ne mai yaudara, sai ya yi watanni yana buɗewa lafiya lau, kana ta ɗaukar bidiyo, sannan naman ya fara janyewa daga gindi, farin ƙashi ya fito. Jan ya fi shi jurewa. Abin nan daga tekun Indiya da Fasifik da Bahar Maliya ake samo shi, ruwa mai digiri 24 zuwa 26 yake so. Kai kuma Maradi kake. Yanzu hunturu ne shi ya sa kake ganin daidai. Bari Afrilu ta zo, waje ya haura 40, kuran ya tafi da azahar. Ruwan in ya wuce 30 ya daɗe a haka, ƴan tsiran da ke cikin namansa masu ba shi abinci da launi sai ya kore su, ya yi fari. Ka tuna 2023 da aka yanke layin wutar da ke zuwa daga Najeriya? To. In ba ka da panno da batirin da zai riƙe injin juya ruwa da fanka bisa tankin, ba maganar rabawa ake ba.

Kuma fanka tana shanye ruwa, iskar hunturu ma haka. Ruwa ke tafiya, gishiri na nan. Don haka da ruwa marar gishiri za ka cika, tacaccen na injin RO, ba na pampo ba, ma'aunin gishiri ya tsaya 1.025 ko 1.026.

Af, maganar gishiri. Akwai wani bawan Allah da ya taɓa tsare ni da gardama wai gishiri gishiri ne, na Bilma ma ya isa, mi ya sa za a kashe jikkuna a kan na bokiti da ake haɗawa don tankin murjani. Na ce Malam, dabbar nan dutse take ginawa, kalsiyam take ja daga ruwa, 400 zuwa 450 ake so, maganiziyam wajen 1300, alkaliniti 8 ko kusa. Na Bilma na raƙuma ne da shanu. Ya ce to a ƙara kanwa. Kanwa! Har yau in mun haɗu cewa yake zafi ne ya kashe nasa, alhali cikin sanyi abin ya mutu, ni na gani da idona. Kuma bai taɓa sayen abin gwaji ba, da harshe yake ɗanɗana ruwa. Kai, bar shi dai.

Ina nake? Yanka. In ya ƙetare bazara ɗaya yana buɗewa, ka ga sabbin wuyoyi a gefe, to sai ka kaɗa ruwa kansa har ya shige gaba ɗaya, ka fito da shi. Na ce wuƙa ɗazu, a'a, ba wuƙa ba, ƙaramin zarto mai bakin daimon ake sa wa, a bi ta ƙashin a hankali. Ka ɗauraye cikin ruwan tankin da ka ɗiba daban, ɗigon aidin kaɗan, ka manna guntun bisa ɗan dutse da Super Glue mai kauri. Ajiye shi ƙasa, haske matsakaici, ruwa na kaɗa shi a hankali ba yana dukansa ba. Wani koren ma da kansa yake sako ƴan ƙwallaye su faɗo ƙasa, in naka ya yi haka ka huta da zarto.

Bayan yanka ka sa ido kullum. In ka ga wani yauƙi ruwan ƙasa kamar miyar kukar da ta kwana ya rufe wurin, ka zuƙe shi da tiyo nan take ka fitar da guntun, don cikin kwana ɗaya biyu yana iya cinye shi ya tsallaka ga maƙwabta. Abinci kuma gari mai laushi na murjani, sau biyu a mako, ka kashe injin ɗan lokaci. Kuma kifin nan mai ja da fari da na hango, in ya fara kwanciya cikinsa zai hana shi buɗewa.

Shi abokin naka ma yana da tankin ruwan gishiri, ko na tarwaɗa gare shi? Tambaye shi. Kai kuma gobe da azahar ka sa ma'aunin zafi cikin ruwan ka turo min hoton lambar.