Tambayi Bakanike: Bas ɗina tana karkarwa

Tambaya: Malam, tsohuwar Hiace nake ja tsakanin Funtuwa da Zariya. Da na kai gudun kilomita 80 sai ta kama karkarwa, in na rage ta lafa. Mene ne matsalar? — Wani direba, Funtuwa

Amsa: Ɗan'uwa, ina kake jin karkarwar? Idan a sitiyari ne, tayoyin gaba zan fara zarga. Ka kai a yi musu balansin, a duba ko taya ta kumbura ko rim ya lanƙwashe, don ramukan hanya ba sa barin rim lafiya. Ka taɓa notocin tayoyin ma.

Idan kuwa daga ƙarƙashin kujera take tasowa, tana ƙaruwa in ka taka totur, to farfela ce, wato dogon ƙarfen da ke juyawa a ƙarƙashin mota yana kai ƙarfin inji zuwa tayoyin baya. Ka kashe inji, ka sa waigi, ka shiga ƙarƙashi ka girgiza farfelar da hannu. In ta yi ƙwas-ƙwas, kuros, wato mahaɗin da ke bakin farfelar, ya cinye. Wannan kam ban yarda ka ɗauki fasinja da shi ba, farfela tana iya ɓallewa ana tsaka da gudu.

Karkarwar da sai an taka birki take zuwa, yawanci diski ne, wato faifan birki, ya karkace.